Ranar da Anti Rabi Ta Je Dutse da Bokiti

Ƙafafunta na fara gani. Ina zaune a kan matattakalar benenmu a Wangsa Maju, na ajiye rabin bokitin ruwa a gefena ina haki, ina tunanin me na yi wa duniya da aka rabo ni da Kano aka kawo ni ƙasar da famfo zai ƙafe kuma lif ya lalace a rana guda. Sai na ji takun silifa yana tahowa daga ƙasa, ba sauri ba nawa, kamar mai bin kiɗan da ita kaɗai take ji. Ƙafafu ne sirara masu tsantsar jijiya, da kaushi a dunduniya. Na ɗaga kai na ga doguwar mace, baƙa mai sheƙi, bokiti ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, na uku a ka bisa gammon da ta naɗe da ɗankwali. Duk cike suke fal, amma ko ɗigo bai zuba ba. A littattafan da na tashi ina karantawa, mace kyakkyawa fara ce sol mai tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Wannan kuwa taka ƙasar take yi sosai, kuma ban taɓa ganin abin da ya kai ta kyau ba.

"Sannu Amarya, matsa min kaɗan," in ji ta da Hausa, ko numfashinta bai canza ba.

"Ya aka yi kika san amarya ce ni?"

"Lallenki bai goge ba, kuma babu mai zama ta yi wa bokiti kuka sai amarya. Bari in sauke waɗannan in dawo in ɗaukar miki."

Wannan ita ce Anti Rabi, Maman Walid, matar Malam Sani da ke karatun digiri na uku a jami'a ɗaya da Abbanku. Na san kun sha jin gwaggwanninku suna tsokanata da cewa na taɓa bin daji a Malesiya har matan Najeriya suka ƙaurace min. Na san kuma ke Rabi'atu an gaya miki sunan yayar kakanku kika ci. Ban taɓa musawa ba don a zauna lafiya, amma yanzu kun girma, gara ku ji yadda abin yake daga bakina.

Ni dai na je Kuala Lumpur da akwati biyu, ɗaya na kaya, ɗaya na littattafan soyayya. Na ɗauka zan tarar da rayuwar da na karanta: miji mai saje da ƙamshin turare, ya riƙe min hannu a bakin teku yana gaya min kalaman da za su hana ni cin abinci. Abin da na tarar shi ne Abbanku, mutumin kirki mai ƙarancin magana, ya fita da sassafe ya dawo da ciwon kai da ledar tapau, wato abincin da ya sayo a hanya, ya ce min in ci kada ta huce. Ina wuni ni kaɗai ina leƙen jirgin ƙasa ta taga. Abin da ya sama min shiga cikin mata shi ne littattafaina da suke zuwa aro, da lallen da nake zana musu idan za a yi suna ko walima.

A ranar nan ta ɗauke ruwa ba ni kaɗai na ga Anti Rabi ba. Akwai wata maƙwabciyarmu Bamalaya, Kak Nor, ƙaramar mace mai furfura a gefen ɗankwali, wadda ta daɗe tana tseren duwatsu. Ta tare ta a matattakala ta yi mata magana da yarensu, ta ce gobe ta zo su je bukit. Su a wajensu bukit shi ne tudu. Anti Rabi kuwa, da Malayancinta bai wuce na sayen kifi ba, sai ta ji kamar an ce bokiti. Ta ɗauka baiwar Allah ta gano inda ake samun ruwa ne. Ta ce boleh, wato ta yarda. Washegari bayan sallar asuba ta tsaya a bakin get da bokitanta biyu. Mota ta tsaya cike da mata sanye da takalman gudu, suka dube ta, suka dubi bokitai, dariya ta ƙwace musu har direbar ta kashe mota. Da ta gane, ita ma ta yi dariyar, ta jefa bokitan a but ta shiga. Da silifa ta hau Bukit Dinding ranar, kuma da suka iso sama suna nishi suka same ta zaune a kan dutse tana jan carbi.

"Wai shi ke nan dutsen?" haka ta ba ni labari daga baya. "Amarya, a ƙauyenmu can cikin duwatsun Ningi, irin wannan muke haurawa da tulu kafin mu karya. Ban san wasa ba ne a wata ƙasar, har da masu ba da kyauta."

Kak Nor ce ta ba ta labarin wani tsere da ake yi a jihar Sabah, a kan dutsen da kansa yake cikin gajimare. A hau a sauko da ƙafa a wuni guda. Akwai wani wuri can sama da suke kira ƙofa, wanda duk bai kai nan ba kafin lokacin da aka yanka, sai a juyo da shi. Tun daga ranar idon Anti Rabi ya sauya. Na san wannan kallon, na karanta shi sau ba adadi, kallon wadda ta kamu ne. Sai dai ita ba saurayi ne ya kama ta ba. Kuma dama ɗaya gare ta, domin Malam Sani yana dab da kammalawa, da ya gama za su tattara su koma gida.

Magana ba ta daɗe ba ta zagaye unguwannin Setapak da Taman Melati. Wai matar malami guda, uwar 'ya'ya uku, tana gudu a daji kamar wadda aka biyo. Maza suka zaunar da Malam Sani a shagon shayin da suke kira kedai mamak bayan sallar Juma'a suka yi masa nasiha. Shi kuwa gajere ne mai sanƙo da ɗan tumbi, kullum da biro a aljihu, irin mutumin da a littafi sai dai a ba shi matsayin kawun yarinya. Ya saurare su har suka gama, ya sha shayinsa, ya koma gida ya yanke hukunci: bai hana ba, amma ba za ta taka ko ƙaramin tudu ba sai da ɗan rakiya daga gida, wanda yake jin Hausa, wanda in wani abu ya faru zai iya ɗaga waya ya yi masa bayani.

Ranar Lahadi a wajen karatun mata, bayan an shafa addu'a, Anti Rabi ta faɗi buƙatarta. Hajiya Maman Nusaiba, wadda ta fi kowa daɗewa a ƙasar, ta gyara gilashinta.

"Maman Walid, ki ji tsoron Allah ki rufa mana asiri. Mu da muka zo raka mazajenmu karatu, sai a ce an gan mu a tsauni da wando? In motsa jiki kike so ga daka, ga wanki."

"Hajiya, wandon a ƙarƙashin doguwar riga yake, hijabina kuma bai taɓa barin kaina ba. Matan da nake bi ma duk masu salla ne."

"Su al'adarsu ce. Ke wa kika gani a gidanku yana gudu ba gobara ba?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ni zan bi ta. Wata daga bayan ɗaki ta ce, "Ke Amarya? Ke da sai kin huta kafin ki gama ninke zani?" Aka fashe da dariya. Da na gaya wa Abbanku, sai ya ce, "Bilkisu, tunda muka zo ƙasar nan yau ne na fara ganin kin nemi wani abu da ba a rubuce yake ba. Je ki."

Haka muka fara. A ranakun mako matattakalar benenmu ce filinmu. Anti Rabi ta goya jaka da ƙaramin buhun shinkafa a ciki ta hau har ƙarshen bene, ta sauko, ta sake hawa, ni ina biye a baya da gorar ruwa ina kiran sunan Allah. Asabar kuma sai daji tare da su Kak Nor. Nan na koyi abubuwan da babu marubuciyar da ta taɓa gaya min. Na koyi cewa saukowa ta fi hawa cin cinya, har sai mutum ya kasa durƙusawa a sujada. Na koyi cewa farcen ƙafa yana yin baƙi ya fita, wani ya tsiro. Na koyi cire matsattsaku daga ƙwauri ba tare da na yi ihu ba, ko da yake wannan ya ɗauke ni lokaci. Matan Malayu suna tsotsar wani abu mai zaƙi a 'yar leda don ƙarin ƙarfi, Anti Rabi kuwa dabino da ƙuli-ƙuli take ƙullewa a gefen hijabi, har suka koma roƙonta. Ba na kaiwa ƙarshe. Nakan tsaya a rabin hanya in zauna a kan saiwar bishiya da waya a hannu, ina kallonta tana haurawa da sandunanta biyu, hijabinta mai ruwan toka yana ɓacewa yana bayyana a cikin ganye, har hazo ya haɗiye ta. A irin wannan lokacin sai in ji ƙirjina ya cika da wani abu mai kama da abin da nake nema a littafi.

Abin da ya biyo baya kuwa bai yi min daɗi ba. Aka daina zuwa aron littafi. Waɗanda ke hannun mutane aka aiko min da su ta hannun yara. Aka yi suna a Taman Melati aka ɗauko wata 'yar Sudan ta yi lalle, ni kuwa sai a hoto na gani. Idan na shiga taro sai a amsa sallamata a ci gaba da hira da wata. Ga wadda ba ta da uwa ba ta da ƙanwa a ƙasar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yi kuka a banɗaki ba sau ɗaya ba. Amma da gari ya waye na ji taf-taf ɗin nan a matattakala, sai in ɗaura takalmi.

Babbar jarrabawar Anti Rabi ta zo ne a tsaunukan da ake noman shayi, inda Kak Nor ta kai mu mu kwana biyu don jiki ya saba da sama. A Kuala Lumpur iska mai nauyi ce, jiƙaƙƙiya, sai ka ji kamar ana shan ta. A can sama kuwa ka buɗe baki ka ja, sai ka ji rabi ya shiga. Anti Rabi ta taka kamar yadda ta saba, ta bar kowa a baya. Da su Kak Nor suka cim mata, a durƙushe suka same ta tana amai, ta dafe kai, leɓunanta sun bushe. Ciwon tsauni ke nan, in ji su, ba ruwansa da ƙarfin mutum, ya fi ma kama masu gaggawa. Suka sauko da ita inda nake.

"Dutsen nan ya raina ni, Amarya," ta ce, idonta jawur.

Kak Nor ta zauna kusa da ita ta yi mata bayani da guntun Turanci da hannu. Ta ce ki tuna ranar da na gan ki da ruwa a ka. Me ya hana shi zuba? Anti Rabi ta ce ai in ka ɗauko ruwa ba ka fizga, taku ɗaya kake riƙewa tun daga rijiya har gida. Kak Nor ta ce to numfashinki ne ruwan. Daga ranar ta sauya tafiya. Ta koyi taka dutse a hankali tun daga tushe, tana shan ruwa kafin ƙishi ya zo, tana ci kafin yunwa. Mace mai zafin nama irinta, wannan ya fi mata goyon shinkafa wuya. Amma da muka koma tsaunin karo na gaba, ta kai ƙololuwa ta dawo tana waƙar ɗiban ruwa ta ƙauyensu.

Ana saura 'yan watanni tseren sai na fahimci ina da ciki. Ke ce, Rabi'atu. Cikin fari kuwa kun san yadda muke da shi, ko uwar da ta haife ka ba ka iya duban idonta ka faɗa. Ga kunya, ga kuma abin da na sani sarai: ranar da na zauna, ranar Anti Rabi ta zauna, domin Malam Sani ba ya magana biyu, kuma babu wata da za ta karɓe ni. Sai na yi shiru na ci gaba da bin ta. Wata Asabar a Bukit Dinding, ko kwata ba mu yi ba, ƙamshin wani ganye ya bugi hancina, na ruga bayan bishiya. Da na ɗago tana tsaye a kaina.

"Ciwon tsauni ne, Anti," na ce da sauri. "Irin naki na rannan."

Ta waiga ta dubi ƙasa. Daga inda muke ana hango rumfar mai shayi da burodin roti, har ana jin ƙarar babura.

"Ciwon tsauni. A nan? Inda in na ƙwala kira mai shayi zai amsa?" Ta kama haɓata ta duba idona, ta duba wuyana. "Wata nawa?"

Na rufe fuska da hijabi.

"Amarya, haihuwa uku na yi. Tashi mu sauka."

"Anti, in na sauka kin rasa dutsenki. Zan iya, wallahi. Zama kawai nake yi a rabin hanya."

"Rabin hanyar da ake zamewa a laka? Ki faɗi a nan in ce wa mijinki me? In ce wa Allah me? Dutse yana nan inda yake tun kafin a haifi kakata. Ba zan hau shi a kan cikinki ba."

Ta karɓi jakata ta haɗa da tata, ta riƙe min hannu har mota, kamar mai tsallakar da yaro titi. Ba ta sake zancen Sabah ba. Ba ta je ta roƙi mijinta ya sassauta ba, ba ta kuma fita a ɓoye ba, ko da yake Kak Nor ta yi ta kiran waya. Ta wanke takalmanta ta ɗora a kan kabad. Sai dai kullum da safe ina jin takunta a matattakala, hawa da sauka, hawa da sauka, mace tana shirin tafiyar da ta san ba za ta yi ba. Idan ta gama sai ta ƙwanƙwasa min ƙofa da kunun tsamiya. Wannan kunun ya fi komai sa ni kuka.

Asabar ta biyu ko ta uku, ina tsaye a taga bayan asuba, na ga motar Kak Nor ta tsaya a get. Na ga Anti Rabi ta fito da sandunanta. A bayanta ga wani gajeren mutum cikin wandon kaftani da rigar sanyi, da sababbin takalman gudu farare tas, da hular zanna a ka, ya rungumo jakar takardu. Malam Sani. Na sauka da sauri har na mance silifa. Ya gan ni ya ɗan sunkuyar da kai.

"Na ce sai da ɗan rakiya daga gida mai jin Hausa," in ji shi. "Na duba na ga ni ma daga gidan nake, kuma ina ɗan taɓa Hausar."

"Malam, gyaran babin naka fa?" in ji Anti Rabi.

"An ce akwai saiwar bishiya a rabin hanya inda Amarya take zama. In tana ɗaukar mai karanta littafin soyayya, za ta ɗauki mai gyaran babi. Shiga mota, kina ɓata wa mutane lokaci."

Bai riƙe mata hannu ba, bai kira ta da wani suna mai daɗi ba. Ni kuwa na tsaya a bakin get ba takalmi ina hawaye, domin duk akwatin littattafaina babu shafin da ya kai wannan. Ya sha tsokana a wajen maza, har suna tambayarsa ko shi ma kofin zai ciyo. Matsattsaku suka sha jininsa, ruwan sama ya jiƙa masa takardu, ya dawo yana ɗingishi. Bai fasa ko Asabar ɗaya ba. Daga lokacin ne na fara kallon Abbanku da ledar tapau ɗinsa da wani ido.

Ranar tseren ina gida da Walid da ƙannensa, ciki ya fito, waya tana kan cinyata. Malam Sani yana gindin dutsen a Sabah. Ya kira da hantsi ya ce an fara juyo da mutane daga ƙofa, manyan ƙarti ma, amma bai gan ta cikin waɗanda aka juyo da su ba. Daga nan shiru. Na yi azahar, na yi la'asar, ina ta duban waya. Can wayar ta yi ƙara. Na ji iska, na ji hayaniya, na ji mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba yana ƙoƙarin daidaita ta.

"Amarya, ta wuce ƙofar. An ce ana dab da rufewa ta iso, tana tafe a hankali abinta kamar mai ɗauke da tulu. Ga ta nan ta sauko da ƙafarta. Tana cikin na baya-baya, amma ta sauko." Sannan ya ce, "Wai in tambaye ki ko kin ba yaran abinci."

Bayan wata biyu suka koma gida. Matan da suka ƙaurace min suka dawo ɗaya bayan ɗaya lokacin da na haihu, har Hajiya Maman Nusaiba ce ta yi min wankan jego, Allah ya saka mata. Da Abbanku ya tambaye ni sunan da nake so, ban yi dogon tunani ba.

Malam Sani ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Anti Rabi tana Bauchi, gwiwa ta fara ba ta matsala, ta bar gudu. Amma har yau bayan asuba tana fita da matan unguwarsu, masu hawan jini da masu sukari da zawarawa, su hau wani dutse a bayan gari a hankali, tana gaba da sanda. Mutanen unguwa suna kiransu 'yan bokiti, yawancinsu ba su san dalili ba. Bara da na kai ki, Rabi'atu, kin tuna kin ce ba za ki iya hawa ba, ƙafarki ba ta saba ba. Kin tuna ta dube ki sama da ƙasa ta ce, "Takwara, kada ki raina min hankali. Ke da kika hau bukit tun ba ki da ƙafar?" Kika juyo kina tambayata me take nufi, na ce miki sai mun koma gida. To, abin da take nufi ke nan.